Abin da Na Koya Daga Jan Biron Malamai a Shagona na Samaru

Shagona yana Samaru a Zariya, cikin ɗaya daga layukan da ke kallon Jami'ar Ahmadu Bello idan ka tsallaka titin Sakkwato. Ɗaki ɗaya ne da rumfa: kwamfuta huɗu, firinta biyu, injin fotokwafi da ya girmi wasu daga cikin masu kawo mana aiki, sai janareto a bayan shago wanda yarana suka laƙaba wa Maigida, don ranar da ya ƙi tashi babu mai yin komai. Muna buga takardu, muna ɗaure furojet, muna cike wa mutane fom ta intanet. Amma abin da aka san mu da shi, har ake turo mana ɗalibai daga Kongo da Gyallesu, shi ne aikin Hausa, musamman nazarin adabi.

Ba da shiri na faɗa harkar ba. Hausa na karanta, na gama, na yi bautar ƙasa, na zaga da takarduna har suka fara yin laushi a cikin ambulan. Wani kawuna ne ya ba ni tsohuwar kwamfutarsa, ya ce in riƙa ragewa da ita kafin aiki ya samu. Ina nan ina ragewa har yau, kuma da ita na yi aure.

Abin da ya fara jawo mini mutane ƙananan haruffa ne guda uku: ɓ da ɗ da ƙ. Yawancin masu shagunan buga takardu a nan sun fi sabawa da aikin Turanci. Ɗalibi zai kai musu rubutu, su mayar masa da ƙafa ta zama kafa, ɓata ta zama bata, ɗaki ya zama daki. A da kuma akwai wasu nau'o'in haruffa da ake ɗora wa kwamfuta, ka danna q ta fito ƙ, ka danna x ta fito ɗ, v kuma ta ba ka ɓ. Lafiya lau muddin aikin yana kan kwamfutar da aka buga shi. Da an ɗauka a filashi an kai wani shago, sai ka ga "qasar Hausa" da "xalibi" da "varawo" sun cika shafi. Na sha ganin ɗalibi ya shigo da gudu saura minti arba'in a rufe karɓa, takarda a hannu kamar an yi mata rubutun aljanu. Yanzu mun koma haruffan da kowace kwamfuta da waya ke ganewa, amma duk da haka ba na barin aiki ya fita sai an mayar da shi PDF.

Sai ƙa'idojin rubutu. Malaman Hausa ba sa yafe su, kuma ina ganin gaskiyarsu. "A kan tebur" daban, "akan yi haka" daban. "Yana" a haɗe take, "za a" a rabe. Mu kuma Zazzagawa muna da namu ciwon na gado: jinsi. Yaron da ya tashi a cikin Birni zai rubuta "rigan shi" da "motan malam", wani ma har "yarinyan ya tafi", kuma kunnensa ba zai ji komai ba, don haka ya ji ana faɗi tun yana goye. A baki ba laifi ba ne, karin harshe ne kamar na kowa. A takardar jami'a kuwa daidaitacciyar Hausa ake nema, kuma kowace "rigan" tana da kuɗinta a wurin jan biro. Ni kaina sai da na yi shekara biyu ana zagaye mini su kafin hannuna ya saba.

Wannan duk aikin hannu ne, yaro mai natsuwa zai koye shi cikin wata uku. Inda gizo ke saƙa shi ne abin da ke cikin takardar.

A lissafina na ido, ba na littafi ba, mafi yawan abin da ake kawo mini da sunan nazari ba nazari ba ne, ba da labari ne. An ce wa ɗalibi ya yi nazarin jigo da salo a wani ƙagaggen labari, shafi bakwai. Shafi biyu na farko sai ya ɗauko tarihi: yadda Hukumar Talifi ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933 ƙarƙashin Dokta East, yadda aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, yadda aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Duk gaskiya ne, kuma duk a nan Zariya aka yi, unguwar ma har yau Gaskiya ake ce mata. Amma littafin da aka ba shi bai fi shekara goma da fitowa ba, kuma babu wanda ya tambaye shi tarihi. Na buga wannan gabatarwa sau da yawa har ina iya buga ta ido a rufe. Daga nan sai shafi huɗu na "sai ta ce, sai ya ce, daga nan sai suka tafi". A shafin ƙarshe ne zai tuna da tambayar, ya rubuta: jigon littafin shi ne faɗakarwa, marubucin ya yi amfani da salo mai armashi. Kammalawa. Manazarta.

Masu nazarin waƙa su ma da tasu hanyar zillewa. Za su ƙirga maka baitoci, su ce waƙar ƙwar biyar ce, wato ɗango (layi) biyar a kowane baiti, babban amsa-amonta "na" ne, akwai ƙaramin amsa-amo a ɗango huɗun farko. Za su jero kamance, siffantawa, mutuntarwa, dabbantarwa, kambamawa, kowanne da misali ɗaya a ƙarƙashinsa, kamar mai kasa tumatir a kasuwar Samaru. An gano kayan, amma ba a ce uffan ba game da aikin da suke yi a waƙar. Mawaƙi ya kira azzalumi kura. To, me ya sa kura, ba zaki ba? Abin da malami ke jira ke nan, kuma a nan ne biron ɗalibi ke ƙafewa.

Bara, wajen ƙarshen zango na biyu, wata ɗaliba 'yar aji uku ta kawo aikinta a rubuce da hannu, rubutu mai kyau kamar a wanke a sha. Littafin na rikicin gidan aure ne. Na duba shafi uku, na ga inda aka dosa. Da yake layi bai yi tsawo ba ranar, sai na ce, "Ƙanwata, malaminku ya karanta littafin nan kuwa?"

Ta ce, "Haba Yaya, shi fa ya ba mu."

"To, me ya sa kike ba shi labarin abin da ya riga ya sani?"

Ta yi shiru, tana murza bakin hijabinta. Na ce ta ajiye takardar, ta faɗa mini abu ɗaya da ya tsaya mata a rai lokacin da take karatu, ko da tana ganin shirme ne. Ta daɗe kafin ta ce, ita dai abin da ya ba ta haushi, uwar mijin nan ba ta iya magana kai tsaye, kullum sai da karin magana, amaryar kuwa ko sau ɗaya ba ta mayar mata ba, sai a babin ƙarshe da ta haihu.

Na ce, "Ai kin gama aikin, rubutawa ce ta rage."

Ba ta gane ba da farko. Na ce ta koma ta bi littafin da fensir, duk inda aka yi karin magana ta ja layi, ta rubuta shafi, ta rubuta wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, kuma me ya biyo baya. Idan abin da ta hango haka yake, to, marubucin ya mayar da karin magana sandar iko: mai ita a baki shi ke da gidan, kuma ranar da amarya ta fara yin ta, ranar ce mulki ya sauya hannu. Wannan magana ce da wani zai iya musawa, shi ya sa ta cancanci shafi bakwai. "Jigon littafin faɗakarwa ne" kuwa babu mai musa maka, don ba ka ce komai ba. Bayan kwana huɗu ta dawo da sabon rubutu. Ta ma sami wuri biyu da suka saɓa wa ra'ayinta, inda wata 'yar aiki ta yi karin magana, tana tambaya ko ta ɓoye su. Na ce ta fito da su fili, ta yi bayaninsu. Malami ya fi ta sanin suna nan.

Mutane na tambayata ina na san abin da malamai ke so. Daga takardun da aka dawo da su ne. Ɗalibi zai kawo aikin da aka yi wa gyara don mu shigar, ni kuma ina karanta gefen shafi kamar jarida. "Ina hujja?" "Shafi nawa?" "Wa ya faɗa?" "Wannan labari ne." Wani malami alamar tambaya kawai yake yi, babba, wani lokaci har ta huda takarda. Wani dattijo daga cikinsu da ke kawo mini nasa aikin ya taɓa gaya mini yadda yake yi idan takardu sun haura ɗari biyu a gabansa. Yakan karanta sakin layin farko ya ga ko ɗalibi ya ɗauki matsayi, ya tsallaka kammalawa ya ga ko a nan ya sauka, sa'annan ya zaɓi misali biyu ya buɗe littafi ya duba ko suna shafin da aka ce. In waɗannan sun tsaya, sai ya gyara zama ya karanta tsakiya da daɗin rai. In ba su tsaya ba, zai karanta dai, amma biro a buɗe. Ya ce bango mai sheƙi da ɗauri mai tsada ba su taɓa ƙara wa kowa rabin maki ba a wurinsa. Wannan ban cika faɗa wa kwastomomi ba, don a ɗaurin nan muke ɗan samu.

Akwai abin da ba na yi, kuma ba tsarkin hali ne ya fara hana ni ba, kunya ce. A shekarata ta biyu, lokacin kuɗin haya ya matso, na karɓi kuɗin wasu samari uku na rubuta musu aiki. Ban san ajinsu ɗaya ba, ko in ce ban so in sani ba. Na rubuta guda, na jujjuya sakin layi, na sauya misalai, na ba kowa nasa. Bayan mako uku wata tsohuwar mota ta tsaya a ƙofar shago. Malamin da ya koyar da ni rubutacciyar waƙa ne. Na fito da sauri na durƙusa, "Allah gafarta Malam, da an aiko ai da na zo." Bai amsa ba. Ya shimfiɗa takardu uku a kan injin fotokwafi, duk ya zagaye "bugu da ƙari" da ja, ta fi ashirin. Ya ce, "Shekara huɗu ina hana ka wannan kalma, ba ka bari ba. Yanzu kuma ka fara sayar da ita." Ya tattara takardunsa ya tafi. Samarin sun sami sifili, na mayar musu da kuɗinsu, ɗaya ma har da zagi ya haɗa mini, kuma na haɗiye. Tun ranar, in ɗalibi ya ce, "Oga, nawa za ka yi mini gaba ɗaya?" sai in nuna masa benci in ce ya zauna mu yi magana kyauta, rubutu kuwa nasa ne. Wasu su zauna, wasu su wuce layi na gaba, inda ba a rasa mai yi.

Yanzu ma ba sa buƙatar layi na gaba, waya ta ɗauke musu. Ana turo mini aiki ta WhatsApp, Hausa sumul, sakin layi daidai wa daida, ga kanun magana reras. Da ka karanta sai ka ji kamar tuwon da babu gishiri a miyarsa. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na wani yaro da ya kawo nazarin wata waƙa da na haddace tun ina ɗalibi. Ga baiti an kawo a matsayin misali, da amsa-amonsa daidai, amma wallahi babu shi a waƙar. Na ce, "Ɗan'uwa, a ina ka ga wannan baitin?" Ya ce ChatGPT ne ya ba shi. Na ɗauko kwafin waƙar daga kabad na ce ya nemo mini. Ya yi minti goma yana bi da yatsa, zufa na tsattsafo masa duk da fanka. Da ya miƙa shi haka, ba raunin nazari za a kama shi da shi ba, ƙaga wa mawaƙi magana ne, kuma wannan ya fi muni.

Sana'ar kamar noma take, tana da damina da rani. Makonni uku kafin jarrabawa ba ma ganin gida sai bayan sha ɗayan dare. Ana hutu kuwa sai mu koma buga katin biki da takardar haya. Yajin aikin malaman jami'a na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas cur, ya sa na sayar da firinta ɗaya, na sallami yaro ɗaya da alƙawarin zan kira shi, kuma Allah ya sa na cika. Muna farfaɗowa aka cire tallafin mai a 2023, janaretonmu Maigida ya koma cin abin da ya fi na gidana. Takarda ta tashi, tawada ta tashi, ɗalibi kuma aljihunsa na nan yadda yake. Shi ya sa yanzu nake ce musu su karanta a kan allo su gama gyara kafin mu fitar, kada a yi asarar shafi.

Ɗalibar nan mai karin magana ta leƙo bayan an dawo hutu, da takardarta a naɗe cikin jaka. Ta sami 16 cikin 20. Ba makin ta zo nuna mini ba, shafi na biyar ta buɗe, daidai inda ta yi bayanin 'yar aikin nan. Malamin ya ja layi biyu a gefe, ya rubuta: "Ban lura da wannan ba." A ƙasa kaɗan kuma ya zagaye wata "akan" da ya kamata a raba, wadda ta wuce ni, ta wuce yarona. Na ce ta ba ni in yi fotokwafin shafin, ta ce sai dai in biya ta naira hamsin.