Jimillar maki ce ta ɓoye mini bambancin maza da mata

Har gobe abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na shafe watanni ina yi wa masu taɓin hankali gwajin gane yanayin fuska, amma jimillar maki kawai nake rubutawa. Gwajin ER-40 ne, wanda aka tsara a Jami'ar Pensilbaniya ta Amurka: hotuna 40, takwas na farin ciki, takwas na baƙin ciki, takwas na fushi, takwas na tsoro, sai takwas na fuskar da ba ta nuna komai. Majiyyaci ya zaɓi amsa ɗaya cikin biyar.

Da na haɗa makin sai na ga maza da mata kusan kunnen doki suka yi, na ce ai babu wani bambanci. Ashe bambancin yana cikin amsoshin da suka faɗi, waɗanda nake sa wa sifili in wuce.

Wani saurayi ya ƙura wa hoton fuskar da ba ta nuna komai ido, ya ja kujerarsa baya, ya ce wannan haushinsa yake ji. Wata mata kuma da ta zo kan hoton sai ta sassauta murya ta ce wannan yana cikin damuwa. Su biyun sifili na ba su. A takardata kuskure iri ɗaya suka yi, alhali shi barazana ya gani, ita kuwa tausayi ya kama ta. Tun a 2007 wata mai bincike, Weiss, da abokan aikinta suka ba da rahoton haka ga masu sikizofireniya, wani nau'in taɓin hankali mai tsanani: maza sun fi karanta irin wannan fuska a matsayin fushi, mata a matsayin baƙin ciki. Na san da rahoton, amma takardata ba ta da gurbin da zai kama shi, kuma amsar da ba a rubuta ba ta tafi ke nan.

Yanzu jadawali nake zanawa, layi biyar a kwance, biyar a tsaye. Gefe ɗaya ainihin yanayin hoton, ɗaya gefen amsar majiyyaci. Layin fuskar da ba ta nuna komai nake fara dubawa. Na farin ciki ba ya gaya mini abin kirki, don kusan kowa na gane murmushi. Tsoro ya fi shi wuya nesa ba kusa ba, har ga masu lafiya.

Akwai wani tarkon. Ko a cikin masu lafiya mata sun ɗan fi maza iya karanta fuska, don haka majiyyaci namiji da maza masu lafiya ake kwatanta shi, mace da mata. Sannan ciwon sikizofireniya yakan fara kama maza da wuri, daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa farkon shekaru 20, mata kuwa sai an ɗan ƙara gaba. Namiji da mace sa'o'in juna na iya bambanta sosai a daɗewar ciwo da shan magani. A rubuta wannan, tare da lokacin da aka sha magani mai sa barci, a kuma tabbatar mai tabarau ya sa abinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tawa fuskar. Duk watannin nan a ɗaure nake barinta wai don kada in karkatar da amsa. Yanzu kafin hoton farko nakan faɗa da baki: ba fushi nake yi ba, hankalina ne ke kan aiki.