Injin 4A-FE da nake ci da iyalina a Agege

Maigidan da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, ba ya barin yaro ya riƙe sifana sai ya iya sauraro. Sai ya dasa bakin dogon sukudireba a jikin inji, ya manna mini ƙotar a kunne, ya ce, "Kai yaro, bawul ne ko fistan?" In na kuskure, ranƙwashi. A kan 4A-FE na Toyota na sha ranƙwashin nan, kuma shi ne yake ciyar da ni har gobe a garejina na Agege.

Shi ne a cikin Corolla da Carina E na shekarun 1990: silinda 4, bawul 16, lita 1.6. Gangar jikinsa ƙarfen zubi ce, tof ɗinsa, wato kan injin da ke rufe silinda, alminiyam. Abin da ya sa yake burge ni, ko bel ɗin taimin, mai daidaita motsin bawul da fistan, ya tsinke maka a tsakiyar gadar Third Mainland, fistan ba ya dukan bawul. A jawo motar, a sa sabon bel, ka kama gabanka. Duk da haka kada ka bari ya wuce kilomita 100,000.

Ciwonsa sananne ne. Kwayil ɗinsa a cikin distributa yake, in ya tsufa sai mota ta mutu a gosulo, ta huce, ta tashi kamar ba ita ba. In kuma ka ga shuɗin hayaƙi a salansa da sassafe, ya ɗauke bayan ta ɗumama, yawanci robobin bawul ne suka bushe. Wani bakaniken zai ce a sauke inji a sa ringi. Ni sai na auna matsin kowace silinda tukuna, don ba na cin kuɗin aikin da bai taso ba.

Zafi ne dai ajalinsa, kuma mutane ne suke jawo masa. A cire tamostat a yar, a ɗura wa lagireto ruwan rijiya, tsatsa ta toshe shi, tof ya lanƙwashe. Sannan a sayo gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin tof da gangar inji, na jabu, kwalinsa sak na asali, cikinsa kamar takarda. Wani dila ya taɓa yi mini haka, wata biyu aikin ya dawo, na sake shi daga aljihuna. Tun ranar, ko a kasuwar kayan mota ta Ladipo zan yi sayayya, da ƙafata nake zuwa, in juya kaya a hannuna.

Makon jiya wani Alhaji mai kai tumatir kasuwar Mile 12 ya ji kuɗin aikina, ya riƙe baki. "Haba maigida, ƙarƙashin gada rabin wannan ne!" Na ce Allah ya ba da sa'a, ranka ya daɗe. Jiya da la'asar aka jawo motar da igiya, baƙin man injinta ya koma kalar shayi da madara, alamar ruwa ya shiga cikinsa. Tana nan bakin ƙofa, yara na kwance tof.