Saran bishiya a tsakar gida

Sana'armu saran bishiya da rage rassa, ni da yarana, daga ƙauyukan Ɗambatta har Kazaure. Kira ya fi yawa gab da faɗuwar damina, lokacin da kowa ke tuna darbejiyar da ta sunkuyo kan ɗakinsa, ga iskar hadari tafe.

A fili kayar da bishiya ba wuya. Ka buɗe mata baki ta ɓangaren da kake so ta faɗi, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinta, ka zagaya baya ka yanka sama da bakin kaɗan, ka bar ɗan tsakanin ya riƙe ta har ta kwanta. A tsakar gida kuwa, ga katanga ga wayar wutar lantarki ta KEDCO, daga sama ake sauke ta guntu-guntu. Mai hawa ya ɗaure ƙugunsa, ya ɗaure reshen, na ƙasa su sassauta igiya a hankali. Ɗanyen reshen mangwaro nauyinsa ya wuce yadda ido ke gani.

Kafin kowa ya hau, sai na bugi gindin da bayan gatari. In ta yi amon ganga, gara ta cinye cikin, ba mai hawa. Kogo kuma sai an leƙa, don zuma.

Inda muke yawan ja-in-ja da masu gona shi ne kauci. Mutum ya ga ɗorawarsa ta rage 'ya'ya, ya ce, "Malam, a kayar da ita kawai." Na ce, "Baba, ɗaga kai ka gani." Kauci ne ya yi dunƙule-dunƙule a rassa. Tsuntsaye ke kawo irinsa, ya kafa saiwa cikin reshe yana shan ruwan bishiyar. Fizge ganyensa aikin banza ne, zai sake tohowa. Reshen ake yankewa can ƙasa da kumburin, ɗorawar ta ci gaba da ba da kalwa. Kuɗin bai kai na kayarwa ba, na sani.

Gawo ma an sha kirana in sare shi wai ya mutu, alhali da damina yake zubar da ganye, ya toho da rani. Wanda ya nace, ya fara kawo min takardar malamin daji.