IPv6 a kan tsohon suwic: wurin da bai ishe mu ba

Rabon adireshin IPv6, sabon tsarin adireshin intanet mai maye gurbin IPv4, bai ba mu wahala ba ko kaɗan. AFRINIC, hukumar da ke raba adireshin intanet a Afirka, ta tsuke bakin aljihu a kan IPv4 tun Janairun 2020, don haka da kamfanin da nake kula wa da hanyar sadarwa a Ikeja ya samu /48, wato babban kaso na adireshin IPv6, ba wanda ya yi gardama. Akwai ƙananan kaso, wato /64, har 65,536 a ciki, kowace VLAN (ɓangaren hanyar sadarwa da aka keɓe a cikin suwic) ta ɗauki nata.

Inda gizo ke saƙar shi ne suwic ɗin tsakiya, na'urar da ke haɗa duk na'urorin ofis, Catalyst 3750. Ba ya tura IPv6 tsakanin VLAN sai ka mayar da tsarin SDM ɗinsa, wato yadda yake raba ƙwaƙwalwarsa, zuwa dual-ipv4-and-ipv6, ka kashe ka kunna. Muka yi haka daren Asabar, saƙon gwaji na ping ya amsa, kowa ya kama gabansa. Ashe canjin nan sake yanka TCAM yake yi, wato 'yar ƙwaƙwalwar da ke tura fakiti ba tare da an dami CPU ba. Adireshin IPv6 bit 128 ne, na IPv4 32, dole wani ya matsa wa wani. Teburin MAC, wato lambobin shaidar na'urori, mai ɗaukar wajen 6,000 ya dawo 2,000.

Litinin da hantsi wayoyin ma'aikata suka hau Wi-Fi, kowace da adireshi biyu ko uku saboda na wucin gadi da take ƙirƙira wa kanta. Teburin adireshin IPv6 ya cika. Abin da bai samu gurbi ba ya faɗa kan CPU, ta haura 90 cikin 100, kiran ofis yana yankewa. Manaja ya leƙo: "Malam, masu intanet ɗin ne kuma?" Duk muka karkata can, aka ɓata rabin yini ana kiran mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Har yanzu wannan yana min ciwo. Wani ƙanena a sana'a da ke Agege ne ya ce a waya, "Yaya, buga show platform tcam utilization mu gani." Layukan sun cika maƙil.

Ga kuma show sdm prefer, yana faɗa ƙarara cewa an yi lissafin ne a kan mashiga 8 masu rautin (tura fakiti tsakanin hanyoyin sadarwa) da VLAN 1,024. Namu SVI, wato mashigan rautin na VLAN, sun haura 40. Suwic ba zai hana ka ƙarawa ba, shiru zai yi, amma kowace ƙari tana cin wuri a TCAM ɗin nan dai.

Muka kwashe rautin zuwa babbar na'ura, muka haɗe VLAN ɗin da ba su da dalilin zama daban, aka samu sa'ida. Yanzu kafin in taɓa SDM sai na ƙirga MAC a lokacin da ofis ya fi cika, in ƙiyasta adireshi uku ga kowace na'ura, in gwada da abin da sabon tsarin zai bari. Gwajin daren Asabar kuwa na daina yarda da shi, sai na ga TCAM ranar Litinin.