Kujerun da babu mai nema a majalisar ƙauyen Ingila

Na yi kusan shekara uku ina zaune a wani ƙaramin ƙauye na karkarar Ingila kafin in taka ƙafata a zaman majalisar ƙauyen, kuma gaskiyar magana ba kishin jama'a ne ya kai ni ba. Wani rami ne ya buɗe baki a kan titin da nake bi kullum, ya ci mini taya, na tafi da fushina domin in ji dalilin da ya sa aka ƙyale shi. A zauren taron na tarar da kansiloli sun kewaye tebur biyu da aka haɗa, akawu na gefe da takardunta, sai layin kujeru da aka jera wa jama'a, waɗanda babu kowa a kansu in ban da ni da wata dattijuwa. Da aka ba ni dama na zayyana kokena, shugaban ya saurare ni har na dasa aya, sannan ya ce mini cikin ladabi titi ba nasu ba ne, na majalisar lardi ne, iyakar abin da za su iya shi ne akawu ta sake rubuta takarda kamar yadda ta rubuta a watan da ya wuce. Na ji kunyar tashi nan take, saboda haka na zauna har aka tashi taron, kuma tun daga wannan daren nake komawa.

Turawan Ingila suna kiran wannan ƙaramin yanki farish, kalmar da asalinta ta coci ce, wato yankin da ke ƙarƙashin majami'a ɗaya da limaminta. Shekaru aru-aru farish ne ke ɗauke da ɗawainiyar mulkin karkara: dokar 1555 ta ɗora masa gyaran hanyoyi, har ana tilasta wa mazauna su ba da kwanaki suna aikin hanya, dokar 1601 kuma ta ɗora masa kula da matalauta da karɓar harajin yin hakan. Ana yanke waɗannan shawarwari ne a ɗakin da limamin coci ke sa kayan ibada, kuma yawanci shi da masu filaye ne ke da ta cewa. A 1894, zamanin gwamnatin Firaminista Gladstone, aka yi dokar da ta raba harkar coci da harkar mulki, ta kafa majalisun ƙauye da jama'a ke zaɓa. Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan doka shi ne ta ba matan da suka cika sharuɗɗa, masu aure da marasa aure, damar jefa ƙuri'a da tsayawa takara a majalisar ƙauye, alhali sai a 1918 wasu mata suka samu ƙuri'ar zaɓen majalisar ƙasa. A yau dokar 1972 ce ginshiƙin tsarin, kuma akwai irin waɗannan majalisu kimanin 10,000 a Ingila, daga na ƙauyukan da mazaunansu ba su wuce ɗaruruwa ba har zuwa na garuruwa masu dubban mutane.

Idan mutum ya duba abin da majalisar ke yi da hannunta, zai iya raina ta. Ita ce ke kula da filin wasan yara, da bencin da tsofaffi ke hutawa a kai, da rumfar jiran bas, da kwandunan shara, da allon sanarwa, da ginin tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi, wani wurin har da maƙabarta da zauren taro. Kwasar shara daga gidaje da bayar da izinin gini na majalisar gunduma ne, tituna da makarantu na majalisar lardi ne, sai dai a wuraren da aka haɗe waɗannan biyun suka zama hukuma ɗaya. Kusan duk abin da doka ta ba majalisar ƙauye izini ne, in ta ga dama ta yi, in ba ta ga dama ba ta bari. Ɗaya daga cikin 'yan abubuwan da suka zama wajibi a kanta shi ne samar da ƙananan filayen lambu na haya idan akwai masu bukata, kuma tun dokar 1908, idan masu zaɓe shida suka rubuta suna nema, dole ne ta duba bukatarsu.

Kuɗinta kuwa daga aljihun mazauna yake fitowa kai tsaye. A lokacin hunturu kansiloli suna zama su lissafa abin da za su kashe a shekara mai zuwa, wadda ke farawa 1 ga Afrilu, su aika wa majalisar gunduma da adadin, ita kuma ta ƙara shi a kan harajin da kowane gida ke biya, ta karɓa ta miƙa musu. A takardar harajin da ke zuwa gidana akwai layi guda da ke nuna kason ƙauyen, kuma shi ne mafi ƙanƙanta a shafin. Manyan majalisu ba sa iya ƙara haraji fiye da wani ƙayyadadden kaso sai sun yi ƙuri'ar raba gardama, amma ba a ɗaure majalisun ƙauye da wannan igiyar ba, wanda hakan ke nufin birkinsu ɗaya ne, wato idon maƙwabta. A zaman kasafin da na halarta an kwashe fiye da rabin sa'a ana jayayya a kan ko za a sabunta kwangilar yankan ciyawa ko za a nemi wani ya kawo farashi, kuma da farko abin ya ba ni dariya. Daga baya na lura cewa ban taɓa zama a wani wuri da ake karanta kowane biyan kuɗin hukuma da babbar murya, fam bayan fam, a gaban waɗanda suka biya shi ba. Ko majalisar da kuɗin shigarta da na fitarta ba su wuce fam 25,000 a shekara ba, wadda aka yafe wa kai littattafanta gaban mai binciken kuɗi na waje, dole ne ta wallafa bayanan kashe kuɗinta a intanet.

Inda zaure ke cika maƙil shi ne ranar da aka ji wani zai gina gidaje a gonar da ke bakin ƙauye. A nan ne kuma jama'a suka fi yi wa majalisar mummunar fahimta, domin ba ta da ikon amincewa ko hanawa, hakkinta shi ne a sanar da ita, ta faɗi ra'ayinta, majalisar gunduma ta yanke hukunci. Duk da haka ba na ɗaukar wannan ra'ayi a matsayin banza, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: kansilan da ya yi shekara talatin a wurin ya san kwanar da ruwa ke taruwa duk lokacin da aka yi mamako, abin da jami'in da ke kallon taswira a ofis ba lallai ya sani ba. Dokar 2011 ta ƙara musu ƙarfi, inda ta ba ƙauye damar rubuta tsarin ginin yankinsa, wanda idan ya tsallake bincike kuma mazauna suka amince da shi a ƙuri'a, yakan zama cikin abin da ake dogara da shi wajen yanke hukunci. A inda ake karɓar harajin sababbin gine-gine, ƙauyen da ke da irin wannan tsari yana samun kashi 25 cikin ɗari maimakon kashi 15.

Sai dai duk wannan aiki ne na takardu, kuma takardun suna wuyan mutum ɗaya. Kansiloli 'yan sa-kai ne, galibinsu ba sa karɓar ko kwabo, akawu ce kaɗai ma'aikaciya, ita ma ta 'yan sa'o'i a mako. Ita ce ke fitar da ajanda cikakkun kwana uku kafin zama kamar yadda doka ta gindaya, ta rubuta rahoton zama, ta riƙe asusu, ta gaya wa kansiloli abin da doka ta hana su ko da ba sa son ji. Ranar da akawu ta ajiye aiki a ƙaramin ƙauye, komai kan tsaya cik.

Abin da ya fi damuna bai shafi ƙarancin iko ba, ya shafi kujerun da babu mai nema. Ana zaɓen kansiloli duk bayan shekara huɗu, kuma doka ta ce kujerun kowace majalisa kada su gaza biyar, amma a ƙauyuka da yawa masu tsayawa ba sa kai yawan kujerun, sai a ayyana su a matsayin zaɓaɓɓu ba tare da an jefa ƙuri'a ko ɗaya ba. Idan gurbi ya samu a tsakiyar wa'adi, ana liƙa sanarwa, kuma sai masu zaɓe goma sun nema a rubuce cikin kwanakin aiki 14 kafin a yi zaɓen cike gurbi; idan ba su nema ba, kansilolin da ke kai su ne za su ɗauko wanda za su zaunar. Ba na zargin kowa da mugun nufi, domin na ga yadda suke bi gida-gida suna roƙo, kuma zaɓen cike gurbi kan ci kuɗin da sau da yawa ƙauyen ne ke biya. Amma wanda zai nemo mutum, cikin waɗanda ya sani zai nemo, sai majalisa ta koma ta masu ritaya da ke da gidajen kansu, alhali masu haya da matasan da tsadar gidaje ke kora daga ƙauyen ba su da kowa a teburin. Doka ma ta hango wannan rauni, domin babban ikon da dokar 2011 ta tanada, na yin duk abin da mutum zai iya yi muddin ba a haramta ba, majalisa ba ta samunsa sai kashi biyu bisa uku na kansilolinta sun shigo ta hanyar zaɓe kuma akawunta na da takardar ƙwarewa.

Mutanen waje da yawa ba su san da waɗannan majalisu ba sai a Fabrairun 2021, lokacin da bidiyon wani zaman majalisar Handforth da ke lardin Cheshire, wanda aka yi ta Zoom a lokacin kullen korona, ya karaɗe intanet saboda hayaniyar da aka yi da Jackie Weaver, jami'ar ƙungiyar ƙananan majalisun lardin da aka kira ta taimaka wajen gudanar da zaman, a kan wanda ke da hurumin jan ragamar zaman. An sha dariya, amma an ga bidiyon ne saboda zaman a buɗe yake ga kowa, hakkin da ya samo asali daga dokar 1960 wadda Margaret Thatcher ta gabatar tana sabuwar 'yar majalisa.

Bayan zaman watan jiya, ina taya su tattara kujeru, shugaban ya tambaye ni ko na ga sanarwar gurbin da ke kan allo. Na ce masa ni baƙo ne, ya ce sharaɗin shi ne mutum ya kai shekara 18, ya kasance ɗan Birtaniya ko ɗan wata ƙasa ta ƙungiyar renon Ingila da ke zaune bisa ƙa'ida, kuma sunansa na cikin rajistar masu zaɓe ko ya yi wata 12 a ƙauyen ko a tazarar mil uku daga gare shi. Na ce masa zan yi shawara. Ramin nan dai an cike shi bayan takarda ta huɗu, kuma da sanyin bana ya fara buɗewa ta gefe.