Ledar da ban yaga ba

Jiya na miƙa makullin sito da littafin ƙidaya, bayan shekara shida ina aikin dashen itatuwa a karkarar Marwa, arewacin Kamaru. Abokan aiki sun ce in bar wa na baya wani abu a rubuce. Da na zauna, sai na ga kusan duk abin da na sani daga damina guda ya fito, ta shekarata ta biyu, lokacin da na sayo dashen itacen turare 12,000 daga Garwa.

Kuɗin dashe da aka ware mana a shekarar jaka 500 ne, wato sefa 500,000. A wajen masu reno na nan gari, dashe mai kyau dala ashirin yake, wato sefa 100, ka ga 5,000 za mu samu. Shugaban ƙungiyarmu bai gamsu ba. Tun da gwamnati ta farfaɗo da shirin dashen itatuwa na Sahel Vert a 2008, ga kuma zancen katangar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, kowa a wannan harka da dubbai yake magana. Masu ba da kuɗi adadi suke tambaya. Sai ya ji labarin wani mai reno a Garwa da kaya suka yi masa kwantai, yana sayarwa dala bakwai bakwai. Ya kira ni ofis ya ce, "Malam, ka je ka gani. In sun yi, ka kwaso duka."

Na je. Abin da ya fara burge ni tsayinsu ne, wasu sun kai min ƙugu, ganye kore shar. Na ce a raina, waɗannan ai rabin aiki an gama. Ledojin kuwa ƙanana ne, rana ta ci su har sun koɗe, in ka taɓa sai su ɓarɓashe a hannu. Da yara suka fara lodi, duk ledar da aka ɗaga sai ka ji "ɓas", saiwar da ta huda leda ta shiga ƙasa ce take tsinkewa. Da kunnena na ji wannan ƙara, sau ɗaruruwa, ban tambaya ba. Ban yaga ko leda ɗaya ba. Na biya jaka 420, sauran 80 na ba direban wata babbar mota da ta kai albasa kudu za ta koma Marwa ba kaya. Aka jibga su hawa-hawa ba rufi, muka yi tafiyar fiye da kilomita 200 iska na dukansu. Kafin mu iso, ganyen na sama ya bushe ƙayau.

Akwai wani dattijo da ke mana gadi, wanda ya yi renon dashe tun ina goye. Muna saukewa ya ɗauki ɗaya, ya zaro wuƙa ya tsaga ledar, ya karkaɗe ƙasar ya miƙo min. Saiwar ta nannaɗe a gindi zagaye bisa zagaye, kamar gammo.

"Ɗana, wannan na bara ne," in ji shi. "Ya shekara a leda."

Na ce, "Baba, in ya shiga ƙasa ai zai warware."

Ya girgiza kai. "Saiwar da ta koyi zagaye ba ta miƙewa. Nawa ka saya?" Na faɗa masa. Ya ce araha ba ta ado, ya koma kan tabarmarsa.

Daga baya na fahimci abin da ya gani. Dashen turare wata uku zuwa huɗu ya kamata ya yi a leda. In ya wuce haka, uwar saiwa ta kai ƙasan leda ta rasa hanya, sai ta shiga kewaya kanta. Ka dasa shi a haka, sama dogo, ƙasa ba komai. Muddin ana ruwa zai yi kore ya ruɗe ka, ranar da danshin sama ya ƙare kuwa ba shi da abin da zai bi ruwa ƙasa da shi. Da a ce mun yanke gindin kowace leda da wuƙa mun rage musu tsayi, da an ceto wasu. Amma wa ke da lokacin yi wa 12,000 haka?

Lokacin ma ya riga ya ƙure. Tsakiyar Agusta muka iso, a ƙasar da ruwa ke ɗaukewa wajen ƙarshen Satumba. Ramuka 5,000 muka tanada, sai da aka haƙa ƙarin 7,000 a gurguje, wasu ko zira'i ba su kai ba. Fili kuma bai isa ba, jauro, wato mai garin ƙauyen da muke dashe, ya ƙara mana da harde, irin feƙon nan da ruwa ke gudu a kansa bai shiga, wanda ba mai noma shi. Turare ɗan Ostireliya ne mai son ƙasa mai zurfi da danshi, mu kuma muka dasa shi kan abin da diga ke tsalle a kai. Sati uku muna dashe. Ranar ƙarshe shugaba ya zo da baƙi, aka ɗauki hotuna, rahoto ya tafi da 12,000 a shafin farko.

Hunturu na shigowa gara ta fara nata aikin. Za ka ga dashe tsaye, ka taɓa shi ya faɗo, gindin an cinye shi. Matan ƙauyen suka yi ta jido ruwa daga rijiya a kai, safe da yamma, kan ladan da bai kai ya kawo ba, don mun ce musu bayan shekara biyar ko shida za su sari itacen rufi da na girki, kututturen ya sake tohowa. Ba mu yi ƙarya kan turare ba, haka yake yi in ya kama. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ni da Baba muka bi layi-layi muna ƙirga. Masu rai 870. Ka raba jaka 500 da wannan, kowane ɗaya ya tsaya mana sama da sefa 570, ban da kuɗin rami da na ruwa.

A taron da aka yi, gaban wakilan masu ba da kuɗi, shugaba ya ce ma'aikacinsa ne bai duba ingancin kaya ba, shi kuwa cewa ya yi "in sun yi". Gaskiya ne ban duba ba, kuma ban taɓa musun wannan ba. Amma bai faɗi wanda ya nemo mai renon ba, bai faɗi wanda ya ƙi saurara da na kira shi ranar da Baba ya tsaga ledar ba. Amsar da ya ba ni a waya ita ce, "An riga an biya, ku dasa." Ni aka ba takardar gargaɗi, aka yanke min alawus na wata uku. Takardar tana nan cikin akwatina. Shi an ƙara masa girma bayan shekara biyu. Na yafe kuɗin, amma har yau in na tuna yadda ya faɗi maganar bai ko dube ni ba, sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji. Wanda ya fi wannan ciwo shi ne komawa ƙauyen in haɗa ido da matan nan.

Sauran abin da na koya gajere ne. Umarnin da ya shafi kuɗi, a ba ka shi a rubuce, ko da saƙon waya ne. Ka sayi dashe kusa da inda za ka dasa, ka ba mai reno kafin alƙalami tun Fabrairu ko Maris ya rena maka naka, ka riƙa leƙawa. Sati biyu kafin dashe a rage musu ruwa da inuwa. Rami ya riga dashe zuwa, kuma Yuli ake dasawa. Kada ka zuba iri ɗaya: darbejiya ta riga ta nuna kanta a titunan Marwa, kasiya tana da sauri, dakwara da bagaruwa suna jure inda turare ba zai kai labari ba. Gawo kuwa shekarun farko kamar ba ya motsi, ƙasa yake tafiya, amma shi ne manomi zai kare da kansa, don yana zubar da ganye da damina bai tare wa gero rana.

Damina ta gaba na ƙi karɓar fiye da 3,000. Aka ce na rage wa ƙungiya daraja. Ni da Baba muka zaɓe su, cikin kowane ɗari sai mun tsaga biyu kafin in ƙirga kuɗi. Muka yi wa harde ramukan rabin wata don su tare ruwa, muka kewaye da ƙaya. Afrilu ya same mu da 2,300 da 'yan kai a raye. Wannan adadin bai hau shafin farko na kowane rahoto ba.

Makon jiya na je yi wa jauro sallama. A ƙarƙashin waɗannan itatuwan aka shimfiɗa mana tabarma, yara suna tsintar 'ya'yan darbejiya. Da zan tafi na bi ta tsohon filin. Ramukan nan 7,000 har yanzu ana ganin shacinsu, layi bayan layi, har bakin hanyar shanu.