Wadda ta zo daga baya ta riga sauka

Talata, da dare.

Ƙafafuna sun yi nauyi, amma barci ya ƙi zuwa, shi ya sa na jawo waya in rubuta abin da na gani yau tun bai dushe ba. Kamar kullum ba zan kama sunan kowa ba, da gadajensu zan kira su.

Ƙarfe 8 na safe na karɓi aiki a ɗakin haihuwa. A gadon bakin taga na tarar da wata yarinya mai cikin fari, da ƙyar in ta kai shekara 20. Tun ƙarfe 2 na dare aka kawo ta, kuma mahaifiyarta ta ce tun jiya da la'asar take naƙudar tsaye a gida. Na duba ta, bakin mahaifa ya buɗe santimita 3, har yanzu da sauran kaurinsa. Bugun zuciyar yaro lafiya lau. Na ce mata, "Ƙanwata, daure ki tashi ki ɗan zazzaga, da sauran tafiya." Ba ta ce uffan ba, sai idonta ya ciko da hawaye. Na san wannan kallon. Mace ta kwana tana murƙususu, gari ya waye a ce mata ko rabi ba a yi ba.

Wajen ƙarfe 11 da rabi wata ta shigo da ƙafarta, mijinta na biye da jaka. Ta yi taku biyar ta dafa bango, ta sunkuyar da kai, ciwon ya lafa ta ci gaba. Haihuwarta ta biyu ke nan. Na tambaye ta tun yaushe abin ya fara, ta ce tun wajen ƙarfe 8. "Sista, wancan karon kwana biyu na yi a kan gwiwa, shi ne na ce bari in ƙarasa 'yan aikace-aikacena tukuna." Da na duba ta sai gabana ya faɗi. Santimita 6, bakin mahaifar ya yi laushi ya yi siriri kamar leɓe, kai kuma ya sauko. Ban bar ta ta koma waje ba, nan take na sa aka jawo kayan karɓar haihuwa. Ƙarfe 12 da minti 10 faya ta fashe. Ba a yi minti biyar ba ta riƙe hannuna ta ce, "Sista, bayan gida nake ji." Duk ungozomar da ta ji wannan magana daga bakin mai haihuwa ta biyu ta san ba ta da lokacin zuwa ko'ina. Yunƙuri huɗu ta yi, sai ga 'ya mace tana callara kuka. Na kalli agogon bango, 12 da minti 25.

Ina fitowa wanke hannu mahaifiyar yarinyar bakin taga ta tare ni. Dattijuwa ce mai natsuwa, amma muryarta na rawa. Ta ce, "Malama, mu fa tun dare muke nan. Wannan a gabana ta shigo, ga shi har ta sauka. Ko akwai abin da kuka yi mata da ba ku yi wa tawa ba?"

Tambayar ba ta ɓata mini rai ba, don da 'yata ce a kwance ni ma da na yi ta. Na zaunar da ita a benci, na dunƙule hannuna na hagu na bar ɗan rami siriri a tsakiya. Na ce, "Mama, haka bakin mahaifa yake kafin naƙuda, kamar wuyan kwalba, dogo ne kuma a tsuke. A haihuwar fari sai wuyan nan ya gajarce, ya yi siriri, sannan ya soma buɗewa sosai. Aiki biyu ne, ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta taɓa haihuwa kuwa, nata bai koma ya rufe gam kamar da ba, kuma aikin biyu tare suke tafiya, yana sirancewa yana buɗewa." Na riƙa sassauta yatsuna a hankali tana kallo, har ramin ya yi faɗin tafin hannu. Na ce santimita 10 ake nema, kusan haka. Bayan nan ga naman ƙasan ƙugu da na hanyar da yaro zai bi, waɗanda a cikin fari ba su taɓa miƙewa haka ba, sai kan yaro ya yi ta turawa yana komawa kafin su ba da hanya. Ta yi shiru, can ta ce, "Haka ne fa. Ni ma a kanta na fi daɗewa, ƙannenta kuwa kamar wasa. Mutum ne da mantuwa."

Abin da na gaya mata shi ne abin da alƙaluma ma suka nuna. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018, naƙuda mai ƙarfi tana farawa ne daga santimita 5. Daga nan zuwa cikakkiyar buɗewa, yawanci ba ta wuce awa 12 a haihuwar fari, ba ta wuce awa 10 a na baya. Lokacin yunƙuri kuma, mai fari kan sauka cikin awa 3, wadda ta taɓa haihuwa cikin awa 2. Waɗannan iyakoki ne na can ƙarshe, yawancin mata ba sa kaiwa nan. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin kula da lafiya a Ingila, wadda ta ƙirga daga santimita 4, ta ce matsakaicin lokaci awa 8 ne ga mai fari, awa 5 ga na baya. To in aka tambaye ni ko haihuwa ta biyu ta fi ta fari sauri, amsata e, galibi ta fi. Sai dai saurin ba daga farko yake ba, kuma nan ne mutane ke ruɗuwa.

Lokacin da muke makaranta, abin da aka cusa mana shi ne santimita ɗaya a kowace awa. Tushen wannan lissafi aikin wani likitan Amurka ne, Emanuel Friedman, wanda a 1955 ya bi naƙudar mata 500 masu cikin fari ya zana yadda take tafiya. Shekaru da dama da wannan ma'auni ake auna kowa, mace ta ɗan yi jinkiri a ce naƙuda ta tsaya, a ɗaura mata ruwan naƙuda. Ni kaina na ɗaura wa mata da dama, kuma yau in na tuna wasunsu sai in ga da an bar su da sun sauka da kansu. A 2010 Jun Zhang da abokan aikinsa suka duba bayanan mata sama da 62,000 a Amurka, suka ga kafin santimita 6 tafiyar na iya yin jinkiri ƙwarai ba tare da wata matsala ba, kuma a wannan zangon mai fari da wadda ta taɓa haihuwa kusan tafiyarsu ɗaya. Daga 6 zuwa sama ne wadda ta taɓa haihuwa take tserewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2018 ta ce a daina ɗaukar santimita ɗaya a awa a matsayin ma'aunin da za a ce mace ta makara. Da na fara karanta wannan sai na ji kamar an rubuta abin da hannuna ya daɗe da sani. Mai haihuwa ta biyu tana iya wuni a santimita 4 tana hira, ka juya baya ka dawo ka tarar da kai a waje. Shi ya sa yau da na ji 6 ban matsa daga gefen matar nan ba.

Ƙarfe 1 na sake duba yarinyar bakin taga, ta kai 5. Na gaya wa mahaifiyarta yanzu aka shiga naƙuda sosai, ta ɗaga hannu ta yi hamdala.

Ba a jima ba aka kawo mace ta uku, kuma ita ce ta hana ni barci yanzu. Haihuwarta ta shida. Ƙanwar mijinta da ta rako ta tana ajiye kaya tana cewa, "Ai ita ta saba, yanzu za ta sauka mu koma." Wallahi duk cikin maganganun da nake ji a ɗakin nan babu wadda ke tayar mini da hankali kamar "ai ta saba". Tun asuba take naƙuda, ciwon ya zo ya tafi, ya yi ƙarfi ya lafa. Kan yaro yana can sama bai shiga ƙugu ba. Wannan kaɗai ba abin tsoro ba ne, don a cikin fari ne kai kan sauka tun saura makonni, a na baya sau da yawa sai naƙuda ta kankama. Amma da na lalubi cikin sai na ji bayan yaron yana jingine da bayan uwar, fuskarsa na kallon gaba. Irin wannan kwanciya tana ja wa naƙuda tsawo ko haihuwa ta nawa ce, kuma ciwon a gadon baya yake taruwa. Haka ta yi ta cewa, "Bayana, Sista, bayana zai ɓalle." Na sa ta durƙusa ta dafa gado, ina danna mata ƙasan baya da tafin hannu duk lokacin da ciwon ya taso. Ta ce a cikin biyar ɗin da ta haifa babu wanda ya ba ta wuya haka, har ɗan farin.

Sai ƙarfe 5 da kwata yaron ya juya ya fito, namiji, ƙato. Na yi mata allurar oksitosin, mai sa mahaifa ta tsuke, kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwa, mabiyiya ta fita. Sai jini. Na ɗora hannu a mararta, maimakon in ji mahaifa ta dunƙule ta yi tauri kamar dutse, sai na ji ta lagwaf. Mahaifar da ta ɗauki ciki sau da yawa wani lokaci takan gaza tsukewa bayan haihuwa, kuma tsukewar nan ce ke matse jijiyoyin da mabiyiya ta bari a buɗe. Jinin da ya kai mililita 500 sunansa zubar jini bayan haihuwa, nata kuwa ya wuce haka ina kallo. Na ƙwala wa abokiyar aikina kira, ina murza mahaifar ba ƙaƙƙautawa, aka ɗaura ruwa da ƙarin magani, likita ya iso. Minti nawa aka yi ban sani ba. Abin da na sani shi ne lokacin da na ji mahaifar ta taurare a ƙarƙashin hannuna, gwiwoyina rawa suke. Da a gida aka bar ta saboda ta saba, ban san me zan rubuta ba a daren nan.

Akwai wata kuma da mutane ke mantawa da ita, wadda aka yi wa aiki a haihuwar fari tun naƙuda ba ta fara ba. Cikinta na biyu ne, amma bakin mahaifarta bai taɓa buɗewa ba, don haka in za ta haihu da kanta tafiyarta irin ta mai fari ce. Yau ba mu samu irinta ba, na dai tuna ne.

Ina cikin rubuta rahoto mai haihuwa ta biyun nan ta aiko a kira ni. Na same ta tana shayarwa, ta haɗa gumi, ta riƙe mara. "Sista, duba ni, anya babu wani a ciki? Naƙuda nake ji sabuwa." Na duba, babu komai sai mahaifa da ke komawa mazauninta. Na gaya mata ciwon mara na bayan haihuwa ya fi tsanani daga ta biyu zuwa sama, kuma yana tasowa ne in jariri ya kama nono, don tsotson ne ke sa jiki ya saki oksitosin. Kwana biyu zuwa uku zai lafa. Na ba ta maganin rage ciwo, sannan na sa aka shigo da mijinta, don maganar da zan yi ta shafe shi. Na ce, "Malam, yau awa huɗu da rabi ta yi daga farko har ƙarshe. Da kun ƙara awa ɗaya a gida, a hanya za ta haihu. In Allah ya kawo wani, kada ku auna da kwana biyun nan na fari. Da zarar ciwo ya fara zuwa a jere, ko faya ta fashe, ko ta ga jini, ku taho, kuma ku tanadi abin hawa da wanda zai zauna da yara tun wata tara bai cika ba." Akwai naƙudar da ke ƙarewa cikin ƙasa da awa 3, kuma ba abin murna ba ce yadda ake zato, tana zuwa da yagewa, da zubar jini, da jaririn da ya faɗo inda babu mai karɓarsa. Ya ce in sha Allahu ya ji.

Yarinyar bakin taga ta cika 10 wajen ƙarfe 6. Daga nan aka shiga yunƙuri, kai ya leƙo ya koma, ya leƙo ya koma. Sau biyu tana cewa ta gaji, a yi mata aiki kawai. Ina sauraron zuciyar yaro bayan kowane yunƙuri, tana bugawa daidai, don haka na ce mata, "Ƙanwata, kina yi, wallahi kina yi, ga gashin kansa ina gani." Na kama hannunta na kai ta taɓa. Daga nan ba ta ƙara cewa ta gaji ba. Ƙarfe 7 da minti 40 ta sauka, namiji. Mahaifiyarta da ke bakin ƙofa ta ji kukan ta zauna a ƙasa.

Bayan na gyara ta na ɗora mata shi a ƙirji, ta kalle ni da jajayen idanu ta ce, "Sista, kowanne haka zan yi ta sha?" Na ce mata yawanci na biyu ya fi gajarta nesa ba kusa ba, musamman wannan yunƙurin da ya galabaitar da ita, amma alkawari ba nawa ba ne, kuma in lokacin ya zo ta taho da wuri. Ban kai ƙarshen maganar ba barci ya ɗauke ta, yaron na kwance a jikinta.

Na miƙa aiki ƙarfe 8 da rabi. Kafin in fito na sake leƙa mai haihuwa ta shida, na taɓa mararta, mahaifa a dunƙule, zanen da ke ƙarƙashinta a bushe. Tafin hannunta dai ya yi fari fat. Gobe ina shiga sakamakon gwajin jininta zan fara nema.